Faifan Naka Ne, Amma Makullin Yana Hannun Wa?

Makon jiya ban samu rubuta muku ba, domin saura ƙiris aikin bincikena na shekara biyu ya salwanta.

A ɗakin bincikenmu da ke Liyon muna da kwamfutar ajiya mai faya-fayai huɗu, an haɗa su da tsarin RAID. Masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, su suka raɗa wa tsarin wannan suna a 1987. Hikimarsa ita ce a rarraba bayanai a kan faifai da yawa, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta zama asara ba. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 kuma biyu.

Hanya biyu ake bi wajen wannan haɗi. Ko dai a sayi kati na musamman a soka a kwamfuta ya riƙa rabon, ko kuma a bar wa manhaja aikin, kamar mdadm a Linux ko ZFS. Mu kati muke da shi. Ranar wata Litinin katin ya ce ga garinku nan. Faya-fayan huɗu lafiyarsu ƙalau, amma kwamfuta ta kasa karanta ko harafi ɗaya, saboda katin ya tsara su da salon da kamfaninsa kaɗai ya sani.

Muka samo wani kati daga kamfanin, sai wata sabuwa ta ɓullo. Direbansa, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin kati da kwamfuta, rufaffe ne. Ba wanda ke da ikon duba cikinsa balle ya gyara, ga shi kamfanin ya daina sabunta shi, don haka ya ƙi aiki da sabon Linux ɗinmu. Na ce wa mai duba aikina, "Farfesa, yanzu ina mafita?" Ya ce sai dai a nemo tsohon kati irin na farko sak, a ɗora shi kan tsohon tsarin.

Haka na hau jirgin ƙasa na TGV, tafiyar kimanin awa biyu zuwa Paris, na nufi titin Montgallet da ke gunduma ta 12, inda shagunan kayan kwamfuta suke a jere. Sai a shago na biyar na dace da na hannu. Alhamdu lillahi, bayanan suka dawo.

Ba na cewa kati ba shi da amfani. Yana ɗauke wa kwamfuta nauyin lissafi, kuma mai batir yana riƙe abin da ake cikin rubutawa idan wuta ta ɗauke, abin da duk mutumin Kano ya san darajarsa. Sai dai kwamfutocin yanzu wannan lissafin ba ya gagarar su. Kuma faya-fayan da aka haɗa da mdadm, kana iya cire su ka kai wata kwamfuta mai Linux su buɗe, ba tare da neman izinin kowa ba.

Hukumomin Faransa ma sun farga da haɗarin jingina da rufaffen abu. Dokar ƙasar ta 7 ga Oktoba 2016 ta ƙarfafa wa ma'aikatun gwamnati gwiwar amfani da buɗaɗɗiyar manhaja, kuma a 2025 hukumar birnin Liyon ta sanar da fara barin manhajojin Microsoft zuwa irin su Linux da OnlyOffice.

Abu ɗaya kuma, RAID kowane iri ne ba ya maye gurbin ajiye kwafi a wani wuri dabam. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na OVH a Strasbourg. Wuta ba ta tambayar faifai nawa ka haɗa.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka sayi na'urar ajiye hotunan biki, takardun shago ko kundin digirinka, ka tambayi mai sayarwa: in wannan akwatin ya mutu, da me zan karanta faya-fayan? In amsar ita ce sai irinsa, to ka sake shawara. Mu dai mun koma mdadm, kuma kwafin aikina yanzu yana wuri uku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.