WAIWAYE ADON TAFIYA: Baƙon Da Ya Zama Sarkin Rum

A wannan wata filin namu ya leƙa tsohuwar daular Rum, domin mu ji labarin Sarki Satimiyas Seberas, wanda ya yi mulki daga shekarar 193 zuwa 211 miladiyya.

An haife shi a shekarar 145 a garin Labda, bakin teku, gabas da Tarabulus ta ƙasar Libiya. Harshen gidansu na mutanen Kartaj ne, kuma masu tarihi sun ce har ya tsufa, in yana Latinanci sai an ji harshen garinsu a bakinsa. Mu da muke zaune cikin wasu al'ummu mun san yadda ake gane baƙo da zarar ya buɗe baki. To wannan bai hana shi ba. Yana gwamna a yankin kogin Danub aka kashe Sarki Fartinas, dogaran fada suka yi gwanjon sarauta. Sai ya taso da rundunarsa ya kama birnin Rum, ya kuma gama da abokan hamayyarsa a shekarar 197.

Bai manta da gida ba. Ya gina wa Labda babban dandali da zauren shari'a, ya faɗaɗa tashar jiragen ruwa. Har yau kufan garin yana nan, kuma a shekarar 1982 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma fa akwai gyara. Da takobi ya hau, da takobi ya zauna. Ya ƙara wa sojoji albashi, ya ba su damar yin aure, ya kashe dattawan majalisa da dama. An ce da zai rasu a garin Yok na Ingila, wasiyyarsa ga 'ya'yansa biyu ita ce su haɗa kai, su wadata sojoji, kada su damu da kowa. Shekara ba ta zagayo ba Karakalla ya sa aka kashe ƙanensa Geta a gaban mahaifiyarsu. Gidan ya ƙare a shekarar 235, daga nan sojoji suka shafe kusan shekaru 50 suna naɗawa suna tuɓewa.

Muna murna idan ɗanmu ya samu muƙami a ƙasar da muke zaune, kuma ya dace mu yi. Sai dai labarin Seberas yana tuna mana cewa hawa kujera somin-taɓi ne. Abin da za a auna mutum da shi shi ne irin tarbiyya da tsarin da ya bari a baya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.