Wa Ya Raɗa wa Kogunanmu Suna?

A al'adarmu baƙo ba ya shiga gidan mutum ranar suna ya raɗa wa jariri sunan da ya ga dama. Wanda ya haifa shi ke raɗawa. To, 'yan'uwa ɗalibai, mu buɗe taswirar Afirka da aka koyar da mu da ita, mu ga su wane ne suka mai da kansu iyayen tafkunanmu.

A 1858 John Speke ya isa bakin tafki mafi girma a Afirka, ya laƙaba masa sunan Sarauniya Biktoriya, wadda ba ta taɓa ganin ruwansa ba. Alhali kuwa Baganda suna ce masa Nalubaale, mutanen Luwo kuma Nam Lolwe, tun kaka da kakanni. Kafin wannan, a 1855, David Livingstone ya yi wa gangaren ruwan Zambezi irin wannan ƙarfa-ƙarfa, ya danne sunan Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa. Sunan masu ƙasa ya siffanta ruwan kamar mutum yana gabansa, na baƙon kuwa fadanci ne kurum ga wata fada da ke Ingila.

Mu dawo gida. An sa mu haddace cewa Mungo Park ne ya gano kogin Neja a 1796. Kaico! A Segu ya tarar da shi, birni mai sarki da masunta da 'yan kwale-kwale, waɗanda ke kiransa Joliba. Zabarmawa suna ce masa Isa Beri, babban kogi, mu kuma Kwara. Ta yaya za a gano abin da ake wanka a cikinsa kowace safiya? Duk da haka sunan da Turawa suka fi so shi ya tsaya a takarda, har Flora Shaw ta ƙago "Nijeriya" daga gare shi a 1897.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a suna, tun da ruwa bai daina gudu ba. Amsarmu ita ce suna linzami ne. Sunan wuri shaida ce ta wanda ya fara zama a wurin. Dutsen Dala yana ɗauke da sunan kakan Barbushe, in ji littafin tarihin Kano. Chadi kalmar Barebari ce mai nufin tafki. Duk ranar da irin waɗannan suka ɓace, shafi guda na tarihinmu ya yage.

Sai dai a kiyaye. A 1973 aka cire sunan Edward daga wani tafki da ke tsakanin Yuganda da Zayar, aka maƙala masa na Idi Amin. Yana faɗuwa a 1979 sai sunan Baturen ya dawo. Wannan an gudu ne ba a tsira ba. Kenya ce ta bi hanya, da ta soke sunan Rudolf a 1975 ta kira tafkin Turkana, sunan mutanen da ke zaune a gaɓarsa.

Laifin yau a wuyanmu yake, mu 'yan boko. Mu ne za mu rubuta littattafan makaranta, mu zana taswira a ma'aikatun safiyo. Akwai ɗalibin da zai lissafa kogunan Turai ba gargada, amma a tambaye shi asalin sunan gulbin garinsu sai ya sosa ƙeya. Saboda haka muna kira ga kowane ɗalibi, in ya je hutu, ya durƙusa gaban tsofaffi ya rubuta sunan kowane dutse da tafki da ƙorama tare da ma'anarsa. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama digiri ba.