Kafin a kawo tankin kifi aji, a fara horar da malami



A jihar Washington ta Amurka da lardin British Columbia na Kanada akwai wani tsari da ya daɗe a makarantun firamare. A tsakiyar hunturu ana kai ƙwan kifin salmon aji, a zuba shi cikin tankin gilashi mai na'urar sanyaya ruwa. Yara su ne ke auna sanyin ruwan kullum suna rubutawa, har ƙwan ya ƙyanƙyashe. Bayan 'yan watanni sai malami ya kwashe su zuwa rafi mafi kusa, su saki 'ya'yan kifin da hannunsu.

Wanda ya ga hoton zai ɗauka tankin ne sirrin abin. Mu a ganinmu malamin ne. Shi ya sa hukumar kamun kifi ta Kanada, wadda ta fara shirin farfaɗo da salmon tun 1977, take haɗa kayan aikin da horo da littattafan jagora ga malamai. Jihar Washington ma a 2018 ta ware dala miliyan 4 don horar da malamai kan koyar da kimiyya da sauyin yanayi.

Me ya sa sai an horar da shi? Saboda rayuwar wannan kifi ta fi ƙarfin tanki. Ana ƙyanƙyasar sa cikin tsakuwar rafi mai sanyi, ya gangara tekun Pasifik ya yi shekaru, sannan ya komo rafin da aka haife shi ya yi ƙwai ya mutu. Duk abin da ya taɓa ruwan a wannan doguwar hanya ya taɓa shi. In an sare bishiyoyin bakin rafi, inuwa ta tafi, ruwa ya yi ɗumi. In laka ta rufe tsakuwa, ƙwan ya rasa iska ya lalace. In an gina madatsa ba mashiga, hanya ta toshe, kamar yadda madatsar Grand Coulee ta raba salmon da saman kogin Columbia.

Malamin da bai san wannan ba, iyakarsa ya koya wa yara ciyar da kifi. Wanda ya sani kuwa zai fita da su bakin titi ya nuna musu kwalbati, ya tambaye su ina ruwan nan yake zuwa. Tambayar ba ta wasa ba ce. A 2020 masu bincike a Washington suka gano cewa wani sinadari da ke fitowa daga ɓurɓushin tayar mota, wanda ruwan sama ke wankewa zuwa rafuka, shi ne ke kashe salmon nau'in coho a yankin Seattle kafin su yi ƙwai. Ke nan titin ƙofar makaranta ma wani ɓangare ne na kogi.

Akwai masu cewa wahalar banza ce, domin kaɗan ne cikin kifayen da yara ke saki suke rayuwa har su dawo, kuma kifin da aka ƙyanƙyashe a hannu ba ya maye gurbin na daji. Gaskiya suka faɗa. Sai dai ba kifi ake kiwo a ajin ba, mutane ake reno, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rushe madatsun kogin Elwha guda biyu tsakanin 2011 da 2014, da guda huɗu na kogin Klamath da aka kammala a 2024, bai yiwu ba sai da jama'a suka fahimci abin da ake asara, bayan gwagwarmayar shekaru ta ƙabilun asali irin su Yurok da Karuk. Kafin 2024 ta ƙare an ga salmon a saman Klamath, inda ya fi shekara 100 bai taka ba.

Horon kuma yana bai wa malami ƙarfin faɗin gaskiya ta kowane ɓangare: madatsa na ba da lantarki da ruwan noman rani, amma tana da farashin da masunci ke biya.

Mu ba mu da salmon, amma wannan lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu. Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Hadejia da Nguru, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suka ji a jikinsu. A nan kudu ma, ledar da muke zubawa a kwata ba ɓacewa take yi ba, kogi take nufa.

Don haka in ƙungiyoyinmu za su tallafa wa makarantun unguwanninmu, kada mu tsaya ga benci da allo. Mu ɗauki nauyin malami ko da ɗaya ne ya samu horo kan ruwan da ke ratsa unguwarsa, daga inda ya taso zuwa inda yake ƙarewa. Kayan aiki suna lalacewa, amma malamin da ya ƙware kowace shekara sabon aji yake yayewa.

Allah Ya sa mu dace.