Zauren Iyali: Maki Daban, Kujera Daban

Ƴan'uwa masu bibiyar wannan fili, yau zancenmu a kan jarrabawar shiga makarantun sakandare na kuɗi ne, waɗanda ake rububinsu, da yadda ya kamata iyaye su karanta makin da ƴaƴansu suka samo. Abubuwa biyu ne suka faru bara suka sa na ga yin shiru bai dace ba.

Na farko, wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo zauren mahaifina bayan sallar isha'i, takarda a hannunsa, ɗansa na biye da shi kai a sunkuye. Yaron ya gama aji CM2, ya zauna jarrabawar shiga wata kwalejin kuɗi a Yamai, ya sami 15 bisa 20, amma da aka liƙa sunaye babu nasa. Alhaji ya miƙo mini takardar ya ce: "Ɗan Liman, kai da ka yi lakkol, duba mini. Ba da 10 ake wucewa ba? Yaro ya ci 15 an ce bai ci ba. Ko dai an sayar da kujerarsa, ko kuwa shi ne ya yi wasa." Daga baya na ji cewa tun la'asar babu wanda ya yi wa yaron magana a gidansu.

Na biyu, bayan ƴan watanni, ɗan baffana da ke zaune a birnin Niyok na Amurka ya kira ni ta waya ransa a ɓace. Ɗiyarsa, wadda ba ta fita daga sahun farko a ajinsu, ta yi jarrabawar neman shiga manyan makarantun kuɗi na can, sakamako ya nuna 62. Shi kuwa ya auna da ma'aunin gida, ya ga 62 bisa 100 bai fi 12 da ɗoriya bisa 20 ba, ya ce yarinya ta ba shi kunya.

Iyayen nan biyu kuskure guda suka yi, ko da yake teku na tsakaninsu: sun ɗauki makin tsere a matsayin makin jarrabawa.

A tsarin karatun da muka gada daga Faransa akwai kalmomi biyu, examen da concours, waɗanda mu a Hausa muka haɗa muka kira jarrabawa. Examen, kamar BEPC ko Bak, ƙofa ce mai faɗi: duk wanda ya kai 10 bisa 20 ya wuce, ko su dubu nawa ne, kuma cin wani ba ya rage wa wani komai. Kwankur kuwa tsere ne. Ana ƙirga kujeru tun kafin a raba takardu, a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a ja layi inda kujeru suka ƙare. Haka ake shiga makarantar ƴaƴan soja ta Prytanée a Yamai, haka kuma makarantun kuɗi masu suna suke yi, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Mu ɗauki misali. A ce yara 600 suka zauna, kujeru kuwa 60 ne. Tun kafin a buɗe alƙalami an san 540 za su koma gida, wato 9 cikin kowane 10. A ce kuma 200 daga cikinsu sun haura 14 bisa 20, makin da a kowane aji ake yi wa tafi. To, 140 daga cikin waɗannan haziƙai ba su da wurin zama. Hausawa na cewa in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kusa da layin nan kuwa, abin da ke raba wanda aka ɗauka da wanda aka bari ba ya wuce rabin maki: lissafi guda da aka manta ɗauke ɗaya, ko zazzaɓin daren jiya. Da za a sake jarrabawar washegari da wasu tambayoyi, da sunaye da dama sun sauya wuri. Saboda haka tambayar da ta kamata uba ya yi, bayan ya ji maki, ita ce: su nawa suka zauna, kujeru nawa ne, kuma a maki nawa layi ya tsaya bara?

Mu leƙa Amurka, inda ɗan baffana yake, domin a can an daɗe ana auna wannan al'amari. Jarrabawar da ɗiyarsa ta yi ana kiranta SSAT, an fara ta tun 1957. A matakinta na sama, na yara daga aji 8 zuwa 11, ana gwada abu uku: sanin kalmomi, fahimtar karatu da lissafi. Kowane ɓangare makinsa daga 500 ne zuwa 800, jimla daga 1500 zuwa 2400. Kowace tambaya tana da amsoshi 5 da za a zaɓa. Wanda ya dace ya sami maki 1, wanda ya kuskure a zare masa rubu'in maki, wanda ya bar gurbin ba ya samu ba ya rasawa. An yi haka ne don kada canke ya amfani kowa: mai canke a tambayoyi 5, in ya dace da 1 ya kuskure 4, ya tashi a tutar babu. Akwai kuma insha'i na minti 25 wanda ba a ba shi maki, amma ana aika shi ga makarantu su karanta da kansu.

Lambar da ta ɓata wa ɗan baffana rai ba maki ba ce, matsayi ne cikin ɗari, wanda ke tashi daga 1 zuwa 99. Ma'anar 62 ita ce yarinyar ta yi daidai da, ko ta fi, 62 daga cikin kowane 100 na ƴan ajinta da suka yi jarrabawar cikin shekaru 3 da suka wuce. Su wa ke yin wannan jarrabawa? Ba dukan yaran Amurka ba ne. Zaɓaɓɓu ne masu harin makarantu mafi tsanani, da yawansu an yi watanni ana ɗaukar musu malamai a gida. Wanda ya zo tsakiya a sukuwar dawakin sarakuna ba a kiran dokinsa gurgu.

Sai dai akwai ɗaya gefen, wanda ya fi wa iyaye ɗaci. Makarantu irin su Phillips Academy ta Andover, wadda aka kafa a 1778, da Phillips Exeter Academy ta 1781, duka a arewa maso gabashin Amurka, kowace ɗalibanta sun ɗan haura 1,000 ne kawai, kuma a shekarun nan ba su ɗaukar ko 1 cikin 5 na masu nema. Masu matsayi 90 zuwa sama da ke ƙwanƙwasa musu ƙofa sun fi kujerun yawa, don haka kowace shekara, ranar 10 ga Maris da amsoshi ke fitowa, akwai mai 99 da ake ba haƙuri, akwai wanda bai kai shi ba da ake ɗauka. Dalili shi ne maki ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake dubawa. Ana duba sakamakon aji na shekarun baya, da shaidar malamai, da rubutun yaro, da ganawa da shi baki da baki. A Exeter, tun shekarun 1930, ɗalibai kamar 12 ne ke kewaye tebur guda da malaminsu suna tattauna darasi, don haka suna neman yaron da ya iya magana ya kuma iya saurare, abin da babu lambar da ke nuna shi. A 2020, lokacin annobar korona, makarantu da yawa a can sun ɗage sharaɗin jarrabawar, wasu suka mayar da shi daga baya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa su kansu masu makarantun ba su ɗauke ta wahayi ba.

To, ƴan'uwa, me ya rage a hannunmu? Na ɗaya, a yi shiri. Addininmu bai koyar da a saki raƙumi a ce an dogara ba. A nemi tambayoyin shekarun baya, a saba wa yaro aiki da agogo, a bar shi ya yi barci daren jarrabawa.

Na biyu, kada a rataya zuciyar gida a ƙofa guda. A nemi makarantu uku: ta buri, wadda samunta sai an dace, ta daidai, wadda makin yaro ya yi kusa da layinta, da ta madogara, wadda ake da tabbacin za ta karɓe shi, ko ta gwamnati ce ko madarasa mai haɗa Larabci da Faransanci. A kuma faɗa wa yaro wannan tsari tun farko, don kada ya ɗauki ta uku a matsayin horo.

Na uku, a tambayi kuɗi kafin a tambayi maki. Kujerar da uba zai riƙe da bashin ruwa, ko da cire ƙannen yaro daga makaranta, ko da hana ɗiya mace don a biya wa namiji, ba nasara ba ce. A tambayi kuma lokacin salla, da Juma'a, da suturar ƴan mata, da abincin da ake ba ƴan kwana. Wanda yake can waje ya sani cewa akwai tallafi: Andover ta bayyana tun 2007 cewa ba ta duba aljihun iyaye wajen ɗaukar yaro, don haka talauci kada ya hana shi cika takarda.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi: kada a sayi kujera. Tunda kujeru ƙirgaggu ne, duk wadda aka samu ta bayan fage an zare ta ne daga ƙarƙashin wani yaro da ya fi cancanta, mai yiwuwa maraya ne da ba shi da mai yi masa magana. Rashawa haramun ce ga mai bayarwa da mai karɓa, yaron da aka shigar ta haka kuma ya koyi darasinsa na farko tun kafin ya zauna a aji. Haka nan kada mu zargi makaranta da sayar da kujeru ba tare da hujja ba, domin lissafin da muka yi a sama ya isa ya bayyana yawancin abin da ke ba mu mamaki. Wanda yake da shakka ya je ya nemi a nuna masa jerin maki, haƙƙinsa ne ya tambaya.

Daren nan a zaure, da na gama yi wa Alhaji bayani, mahaifina ya kira yaron kusa da shi, ya tambaye shi a ina ya kai a allo, ya sa ya karanta, ya sa masa albarka. Sannan ya juya ya ce: "Alhaji, yaron da ya kawo maka 15 ya cika alkawarinsa. Kujera kuwa ba shi ke rabawa ba. Ka je ka ci tuwo da shi." Yau yaron yana wata kwalejin da ba ta kai waccan suna ba, yana karatunsa lafiya, ɗiyar ɗan baffana ma haka. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama, amma kalmar da uba ya faɗa wa ɗansa ranar sakamako takan zauna a zuciya shekara da shekaru, bayan an manta da makin kansa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaɓa musu abin da ya fi alheri, ya ba mu ikon yi musu adalci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.