Asalin Bulgarawa: Hujja Ke Sayen Yarda, Ba Hayaniya Ba

Ƴan uwana malamai da iyaye, labarin tafiyar Ibn Fadlan ne ya ja ni cikin wannan rigima. A shekarar 921 halifan Bagadaza ya aika da tawaga zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga, Ibn Fadlan kuwa na cikinta. Da na bi sawun mutanen nan don shirya darasi, sai na tarar da wata gardama da ke ci a ƙasar Bulgeriya, wadda ta shafi duk mai riƙe alli.

Wani reshe na Bulgar ɗin, ƙarƙashin Asparuh, ya ƙetare kogin Danub, ya ci Rumawa da yaƙi a 680, suka amince da daularsa a 681. A can suka tarar da Silabawa, dangin Rashawa da Sabiyawa ta fuskar harshe, suka narke cikinsu. Shi ya sa Bulgaranci na yau harshen Silabawa ne. Harshen su Asparuh kuwa, yawancin masana na duniya sun sa shi cikin wani tsohon reshe na harsunan Turkawa, wanda harshen Cubash na ƙasar Rasha kaɗai ya rage daga cikinsa.

Wasu ƴan Bulgeriya sun ƙi wannan. Tun farkon ƙarni na 20 Ganco Tsenob ya ce kakanninsu ƴan ƙasa ne, ba daga gabas suka zo ba. Daga wajen 1990 kuma Petar Dobreb ya yaɗa cewa daga duwatsun Pamir suka fito, harshensu dangin Farisanci ne. Ra'ayin ya samu kasuwa a gida, a waje bai samu ba. Sai magoya bayansa suka shiga kukan cewa an haɗe musu kai.

Ni ban yarda da wannan kuka ba. Ruwa ba ya tsami banza: Turkawan Santambul sun mulki Bulgeriya daga 1396 zuwa 1878, kuma na fahimci wanda ba ya son a ce masa jininsa ɗaya da wanda ya danne kakansa. Amma ɗacin rai ba hujja ba ne. Bulgar sun isa Danub wajen shekara 600 kafin a kafa waccan daula, ba su da alhakin abin da ta yi.

Dubi abin da masanan suka riƙe. A bakin Bolga akwai duwatsun kaburbura na ƙarni na 13 da na 14, an rubuta su da baƙaƙen Larabci, kamar ajaminmu. Inda Turkanci ke da "z", su suna da "r", haka ma Cubash: ɗiya "kiz" ce a Turkanci, "her" a Cubash, ɗari "yuz" ne a can, "sher" a nan. Sauyi ne mai bin ƙa'ida, kalma bayan kalma. Su kuwa masu sabon ra'ayi, akasarin aikinsu tsince-tsince ne: a samo kalma a Pamir mai kama da wata a tsohon rubutu, a ce ga dangi. In haka ne, "mutu" tamu ta yi kama da "mort" ta Faransanci, ashe mu da Faransawa uwa ɗaya uba ɗaya? Zumuntar "mutu" ta gaskiya tana wajen "maut" ta Larabci, kuma da doguwar kwatanta harsuna aka gano ta.

Ban ce hannunsu wayam yake ba. Sunan Asparuh kansa, masana da yawa na ganin daga harsunan Farisawa ya fito, inda "asp" ke nufin doki. Wani binciken ƙwayoyin gado na 2013 ya nuna alamun tsakiyar Asiya kaɗan ne ƙwarai cikin mazan Bulgeriya na yau. To amma jini ba ya magana. Ɗan da aka haifa a Damagaram yana tashi da Hausa ko da kakansa Babarbare ne. Ƙabilun makiyayan wancan zamani gauraye suke, kuma babu masanin kirki da ke musun haka.

Wanda ke son duniya ta karɓi ra'ayinsa, hanyar a buɗe take: ya kawo rubutun da kowa zai iya karantawa, ya nuna ƙa'idar sauyin sauti, ya kai aikinsa mujallar da abokan hamayya za su tace shi, ya jure gyara. Tara jama'a a talabijin ba ya maye gurbin wannan.

Abin da na fi tsoro shi ne aji. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya tuhumar allo. Abin da malam ya rubuta, shi ne gaskiya har ya tsufa. Malamin Bulgeriya da ya koyar da zato a matsayin tabbas don ya faranta wa ƙasarsa rai, ya cuci ɗalibinsa ranar da zai fita waje a tambaye shi hujja. Ya ce wa yara: ga abin da aka tabbatar, ga abin da ake gardama a kai, ga dalilin kowane ɓangare. Ni ma haka na yi da nawa ɗaliban, kuma tambayoyin da suka yi mini ranar sun fi na kullum yawa.