A Dawo Mana Da Majigi Makaranta

A hutun da ya wuce na je Damagaram wani taron nuna finafinai. Na tafi da niyyar hutawa, na dawo Dungu da kunya. Shekara ashirin ina riƙe da alli, amma ban taɓa nuna wa ɗalibaina fim ko ɗaya da ɗan ƙasarmu ya yi kan rayuwarmu ba.

Na ga "Zinder" na Aisha Macky, ƴar Damagaram, wanda ya fito a 2021. Ba ƴan wasa a ciki. Samarin Kara-Kara ne, unguwar da aka ware wa kutare a da, suna ɗaga ƙarfe, suna fasa-ƙwaurin fetur, suna faɗin yadda rashin karatu da rashin aiki suka kai su inda suke. Na ga kuma "Kukan Kurciya" na Sani Magori, mutumin Galmi. Ya ɗauki zabiya Hussai, wadda waƙarta ta zuga maza tafiya cirani, ya kai ta Abijan ta yi wa mahaifinsa waƙar dawowa gida.

Iyaye, wa ya fi mu sanin cirani? A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara, da yawansu ƴan yankinmu na Kance. Har yau nakan kira suna a aji a ce mini: "Mushe, ya bi innarsa." Na yi nasiha har murya ta dushe. Amma gani ya kori ji.

Na san wasu za su ce fim ne ke ɓata tarbiyya. Suna da hujja. Sai dai ko mun so ko mun ƙi, yaranmu na kallon fassarar Indiya a waya, ba babba a kusa. Tunda kallon ba zai tsaya ba, gara mu zaɓa musu, mu zauna tare da su.

Abin ba ya son dukiya: farin ƙyalle, na'urar haskawa da ƙaramin inji, dare ɗaya a wata. Malamai da wakilan iyaye su fara kalla, domin "Zinder" na manyan ɗalibai ne, ba na ƴan firamare ba. In an gama, a bar yara su yi tambaya, dattawan da suka sha cirani su amsa.

Ni dai zan kai maganar taron iyaye mai zuwa. Malam, kai ma ka kai ta naku.