Wasan harbi a waya: Inda ɗan koyo a Batsari da Safana zai iya kamo na birni

Wasannin harbi na waya sun iso majalisun matasa a Batsari da Safana kamar yadda suka iso Kano da Kaduna. A shagon cajin waya ko a bencin mai shayi, ba a rasa saurayin da ya kwantar da waya a tafin hannu, manyan yatsunsa na kai-komo a kan gilashi, yana fafatawa da mutanen da bai taɓa gani ba. Ko dai Free Fire ne, ko Call of Duty: Mobile, ko PUBG Mobile. Kuma yawancin sababbin shiga hanya ɗaya suke bi: su ruga a guje, a bindige su tun wasa bai yi nisa ba, su ɗora wa sabis laifi.

Sabis na da nasa laifin, babu musu. Amma ɗan koyon da ya tsaya a nan ba zai ci gaba ba, domin ba shi da ikon gyara turken sadarwar garinsu, kuma ba lallai ne yana da kuɗin sauya waya ba. Abin da ke hannunsa shi ne yadda yake tunani a cikin wasan da yadda yake tafiya da abokansa. Ta wannan ƙofar ce matashin Ruma ko Runka zai iya kamo na Legas.

Da farko sai a bambance wasannin, don ba duka ne iri ɗaya ba. Uban wasannin harbi na dabara shi ne Counter-Strike, wanda ya fito a 1999. Tsarinsa mutum biyar da biyar ne. Ɓangare ɗaya na ƙoƙarin dasa bam a wurin da aka ware, ɗayan na tsaron wurin, kuma duk wanda ya faɗi sai zagaye na gaba zai dawo. Valorant, wanda kamfanin Riot Games ya fitar a 2020, ya bi wannan sawun. A Valorant da Counter-Strike 2, tawagar da ta fara cin zagaye 13 ita ke da wasa. Sai dai an gina su ne domin kwamfuta, ga buƙatar tsayayyar wutar lantarki, abubuwan da ba su cika haɗuwa a gida ɗaya ba a yammacin Katsina.

A waya akwai makamantansu. Call of Duty: Mobile, wanda ya fito a 2019, yana da sashen Search and Destroy mai irin wancan tsari na bam. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017 kuma yake tafiya ko a ƙaramar waya, yana da Clash Squad: huɗu da huɗu, a sayi makamai a farkon kowane zagaye, tawagar da ta fara cin huɗu ta yi nasara.

Nan ya kamata ɗan koyo ya fara. A babban fagen da ake sauke mutum 50 ko 100 daga jirgi, mutum kan shafe mintuna yana tsince-tsincen kaya, a harbe shi sau ɗaya daga inda bai gani ba, ya fita bai koyi komai ba. A wasan zagaye kuwa, cikin minti goma zai yi arangama sau da yawa a lungu ɗaya, ya ga kuskurensa, ya sake gwadawa nan take.

Wanda ya taɓa yin langa a dandali ya riga ya san rabin darasin. A langa ba kowa ke rugawa ya sha ba. Akwai ruwa, sauran kuma aikinsu su tare masa hanya, su kayar da masu son kayar da shi. Haka mai ɗauke da bam yake. Tawagar da kowa a cikinta ke son a ce shi ya fi kisa, ɗaya bayan ɗaya ake tsince ta, ko da kuwa kowannensu ya fi abokan karawar iya saiti.

Zama da jinkirin sabis

Akwai wata 'yar lamba a gefen gilashi da 'yan wasa ke kira ping. Tana nuna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka daga waya zuwa na'urar kamfanin wasan ya dawo, kuma da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake auna ta. Idan tana ƙasa da 60, wasa na tafiya sumul. Idan ta haura 150, abin da mutum ke gani ya riga ya wuce, kamar mai sauraron ƙwallo a rediyo alhali maƙwabcinsa ya riga ya yi ihun an ci.

A nan mutane da yawa ke yi wa haƙuri gurguwar fahimta. Suna zaton mai raunin sabis ya laɓe a wuri ɗaya ya jira. To amma wanda ya tsaya cak a inda kowa ya san ana tsayawa, shi ya fi cutuwa da jinkiri, domin wanda ya leƙo daga kusurwa zai gan shi kafin hoton mai leƙowar ya iso tasa wayar. Haƙurin da ake nufi shi ne kada a fita sai an san inda abokin gaba yake. A saurari takunsa, a duba ƙaramar taswira, a jefa gurneti ko hayaƙi, sannan a fita da niyya, a fita mutum biyu. Idan na gaba ya faɗi, na baya ya rama nan take. Mutum ɗaya a bakin ɗaya ba asara ba ce. Asara ita ce a faɗi babu wanda ke kusa da zai rama.

Ita ma wayar tana son kulawa. Idan ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kare kayan cikinta, sai hoto ya fara tsinkewa. A zafin Afrilu wannan ba ya ɗaukar lokaci. Cire rigar waya, rage kyawun hoto zuwa mafi ƙasa, rufe sauran manhajoji, da barin wasa yayin da waya ke caji, duk suna taimakawa fiye da yadda ake zato. Kyan ciyawa da inuwar bishiya ba sa cin zagaye.

Sai hannu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tafiya da alamar saiti tana kallon ƙasa, sai an ga mutum sannan a fara ɗago ta. Gwanaye kan ajiye ta daidai tsayin kai, a daidai kusurwar da suke tsammanin fitowar wani, ta yadda in ya fito saura taɓawa kawai. Bindiga mai sarrafa kanta kuma tana zillo sama idan aka danne ta, don haka daga nesa gara harsashi uku-uku ko huɗu-huɗu da a zazzage kwanso duka a sararin sama. Saurin juyawar kyamara ma, a zaɓi wanda hannu ya ji daɗinsa a bar shi haka. Mai kwafo saitin wani tauraron YouTube yau, gobe ya kwafo na wani, kullum sabon ɗan koyo ne, domin wayarsu ba ɗaya ba ce, yatsunsu ma haka.

Bindiga biyu da taswira ɗaya sun ishi mutum wata guda. Minti goma a filin atisaye kafin shiga gasa ya fi wasa biyar na fushi. Kuma duk lokacin da aka faɗi, tambaya ɗaya ce mai amfani: daga ina aka harbo, me ya kai mutum wurin?

Wata fa'ida da 'yan gari ɗaya ke da ita, ba su ma lura da ita ba, ita ce harshe da sabo. Abokai huɗu da suka saba wasa tare, suka raɗa wa kowane lungu na taswira suna da Hausa, wannan rumbu, wancan kasuwa, can bayan makaranta, suna isar da saƙo cikin kalma biyu. “Biyu, rumbu” ya wadatar. Tawagar da na'ura ta haɗa da ka, kowa da yarensa, ba ta da wannan, ko da iPhone kowa ke riƙe da ita.

Aljihu

Wasannin kyauta ne a sauke, amma kamfanonin ba sadaka suke yi ba. Da sayar da riguna da fentin bindiga suke samun kuɗi. A Counter-Strike 2 da Valorant, fenti ado ne kawai. A Free Fire wasu fentin na ƙara wa bindiga ɗan ƙarfi, sai dai a ɗakin gasa da aka buɗe na musamman akwai zaɓin kashe wannan ƙarin. Ko ba haka ba, ƙarin ba ya ceton wanda ya shiga tsakiyar mutum uku shi kaɗai.

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, lissafi ya ƙara tsauri. Wasan kansa bai cika shan data ba. Sabuntawar da kamfani ke turowa lokaci zuwa lokaci ita ke lashe ta, sai kuma kallon bidiyon gwanaye. Saurayin da kuɗinsa na aikin gona ne ko na acaɓa, ya dace ya san nawa ya ware wa wasa a mako tun kafin ya buɗe shi.

Abubuwa uku kuma a guje su gaba ɗaya. Shafukan da ke alƙawarin dayamon kyauta, waɗanda burinsu su karɓi lambar sirrin Facebook. Manhajojin maguɗi, waɗanda ke jawo a rufe asusun mutum, wasu ma su shigo da ɓarayin bayanai cikin wayar da ake ajiye kuɗi a ciki. Sai zuba kuɗi a kan wasa, wanda ko da wane suna aka kira shi, caca ce.

Tambayar da iyaye ke yi

Duk wannan bayani zai yi wa wani uba a Batsari nauyi a kunne, kuma yana da hujja. Nan yankin Dajin Rugu ne. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, saboda matsalar 'yan bindiga, sai a Disamba aka fara dawo da su. Uwar da ta taɓa kwana a gona da goyo saboda ƙarar bindiga, ba za a ce mata ta yi murmushi ba idan ta ji irin wannan ƙarar na fitowa daga ɗakin ɗanta.

Masu bincike ba su tabbatar da cewa wasa ne ke mayar da yaro ɗan ta'adda ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ke danganta waɗannan wasanni da aikata ta'asa, duk da ta ce akwai 'yar alaƙa da ƙananan halayen zafin rai. Kuma 'yan bindigar da suka addabi yankin ba daga waya suka koyi harbi ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtuka a 2019 shi ne kamuwa da wasan har ya danne barci da karatu da sana'a. Wannan ne haɗarin da ya fi kusa da gida, kuma ƙwace waya bai cika maganinsa ba. Yaro zai koma ta abokinsa ne, inda babu mai ganinsa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan yanki, wanda jagororin wasa na Turai ba za su taɓa ambata ba. Duk sun ce a toshe kunnuwa biyu da abin sauraro don a ji takun abokin gaba. Shawara ce mai kyau a Landan. A garin da ke bakin daji, kunne ne ƙararrawar farko da dare: haushin kare, rurin babura, kiran maƙwabci. Saurayin da ya toshe kunnuwansa ƙarfe ɗayan dare yana sauraron takun ƙarya, ya cire kansa daga cikin masu jin na gaske. Wasan da ke buƙatar kunne biyu na rana ne, a cikin mutane.

Haka batun magana. Inda ake zaman ɗar-ɗar kan masu kai wa 'yan bindiga rahoto, mutum ya tsaya a lungu cikin duhu yana faɗa wa waya “suna bayan gida, ku zagayo”, ya jawo wa kansa tambayoyin da zai sha wuyar amsawa. Sakin ƙarar harbi a lasifika da dare ma rashin tausayin maƙwabta ne.

Game da mafarkin arziki, gaskiya ne cewa gasar wasannin bidiyo ta duniya da aka yi a Riyadh ta Saudiyya a 2024 ta raba kyautar sama da dala miliyan 60, kuma Free Fire da PUBG Mobile na cikin wasannin da aka buga. Amma masu cin abinci da wannan 'yan ƙalilan ne cikin miliyoyin masu bugawa, kamar dai yadda ba kowane mai buga ƙwallo a filin firamare ke zuwa Turai ba. Wanda ya bar gona ko makaranta saboda wannan ya yi sakin na hannu.

Abin da ke iya yiwuwa a kusa ya fi wannan sauƙi. Gidajen kallon ƙwallo suna da janareta da benci, kuma da rana a tsakiyar mako galibi babu kowa a ciki. Tawagogi takwas na mutum huɗu-huɗu, ɗakin gasa na musamman da aka kashe ƙarin fenti, babu kuɗin zubi, a tashi kafin magariba, wani babba na zaune yana gani. Kowa a kan turken sadarwa ɗaya yake, jinkirin kusan ɗaya ne, don haka babu mai fakewa da sabis. Tawagar Batsari ta karɓi baƙuncin ta Safana wannan watan, wata mai zuwa su rama ziyara.